Shin Ko Kun San? Tashar Rediyo Mai Shiga Aljihu

Shin ko kun san cewa akwai mutanen da ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne, ba sojoji ba, ba 'yan sanda ba, amma doka ta yarje musu su kafa tasha a ɗakinsu su yi magana da mutumin da ke wata nahiya? Babu katin waya, babu data, babu wani kamfani a tsakani: daga eriyar wannan sai eriyar wancan. Su ne masu rediyon sha'awa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai mazauni a Janiba, ta keɓe musu nasu zangon, kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, IARU, an kafa ta ne a Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925. Shi ya sa duk 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu.

Ko kun san maƙwabtanku ne tun ba yau ba? Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ya san mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16. To, a tsakankanin waɗannan ne masu sha'awa suke da nasu: mita 80, 40, 30, 20, 17, 15, 12 da 10. A ɓangarenmu na duniya, zangonsu na mita 40 yana tsayawa a megahaz 7.2, daga nan mita 41 ta manyan tashoshi ta ɗauka. In kun taɓa zarcewa kaɗan kuka ji wani gunguni da ya yi kama da maganar mutum amma ba a gane ko kalma ɗaya, su ne. Suna aika murya da salon SSB, wanda ke tura ɓangare ɗaya kawai na siginar don tattalin wuta da fili, ƙaramin rediyon kasuwa kuwa ba shi da abin da zai dawo da muryar daidai.

Ko kun san gajeren zangon ma su suka nuna wa duniya amfaninsa? A 1912 dokar Amurka ta kori masu sha'awa daga dogon zango ta tura su ƙasa da mita 200, inda masanan lokacin suke ganin babu abin kirki. A watan Nuwamba na 1923 sai ga Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa yana musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a kan wajen mita 110, teku guda a tsakaninsu. Daga nan gwamnatoci da kamfanoni suka yo rububi. Wannan hanyar ce ta kawo mana Sashen Hausa na BBC a 1957, da sauran tashoshin da suka biyo baya.

Shin ko kun san cewa rediyon zamani ya fi kusa da kwamfuta fiye da rediyon da muka gada? A tsohon rediyo, kowane aiki da ƙarfensa. Akwai naɗin waya da ke zaɓen tasha, akwai matatar da ke tsame murya daga hayaniya, akwai wani sashe na AM, wani na FM, wani na SSB. In kana son sabon aiki sai ka ƙara sabon ƙarfe, akwatin ya ƙara girma da nauyi da tsada. A rediyon manhaja, wanda ake taƙaitawa da SDR, abin da eriya ta kamo ana auna shi ne sau miliyoyi a daƙiƙa guda a mayar da shi lambobi. Daga wannan gaɓar duk sauran aikin lissafi ne: tacewa lissafi, rage ƙara lissafi, fito da murya lissafi. Wajen aikawa kuma a juya tafiyar: murya ta zama lambobi, lambobi su zama sigina, a ƙara mata ƙarfi ta hau eriya. Dokar abin mai sauƙin riƙewa ce: in kana son kama sigina ba tare da ta hargitse ba, dole saurin awonka ya wuce ninki biyu na faɗin zangon da kake son ɗauka. Na'urar Hermes-Lite 2, alal misali, tana awo sau miliyan 76.8 a kowace daƙiƙa, don haka gajeren zango gaba ɗayansa yana hannunta a lokaci guda.

Ko kun san a irin wannan rediyo ana ganin tasha kafin a ji ta? Wannan shi ne abin da ya fi burge duk wanda ya fara zama gabansa. Allon yana nuna zango guda daga gefe zuwa gefe, kowace sigina tana zubowa ƙasa a matsayin zare mai haske: siririn zare mai tsinkewa alamomin Morse ne, mai ɗan faɗi murya ce, mai faɗi sosai babbar tasha ce. Mai tsohon rediyo kamar wanda yake bin kasuwa rumfa-rumfa ne yana tambayar wa ke nan, mai SDR kuwa ya hau bene yana kallon kasuwar duka, ya ga inda aka taru ya nufi can. Taɓa zaren kawai za ka yi da yatsa, rediyon ya koma kansa.

Ko kun san sojoji ne suka fara zuba kuɗi a harkar? A farkon shekarun 1990 Amurka ta yi wani shiri mai suna SpeakEasy, burinsa a sami rediyo ɗaya da zai iya magana da nau'o'in rediyon soja fiye da 10 da ba sa fahimtar juna. A daidai lokacin, rubuce-rubucen injiniya Joseph Mitola, musamman na 1992, su suka yaɗa tunanin a tsakanin masana. Kayan aikin wancan zamani ba na talaka ba ne.

Wanda ya sauko da SDR ƙasa shi ne Gerald Youngblood na Texas. A 2002 ya fara jerin maƙaloli a mujallar QEX ta masu sha'awa, yana nuna yadda sashen sauti na kwamfutar gida zai yi aikin lissafin. A 2003 kamfaninsa FlexRadio ya fito da SDR-1000, akwati marar maballin murɗawa ko ɗaya. Dabarar da ya dogara da ita ta wani mai sha'awa ce, Dan Tayloe: wani makunni mai tsananin sauri da ke raba sigina gida huɗu, a fitar da kwafi biyu masu tazarar digiri 90 a tsakaninsu. Da waɗannan kwafi biyu, da ake kira I da Q, manhaja take gane komai game da siginar. Har yau ƙananan rediyoyi da dama a kan dabarar Tayloe suke.

Shin ko kun san cewa SDR mafi yaɗuwa a duniya ba don rediyo aka ƙera shi ba? Wata 'yar na'ura ce mai kamar filashi da ake soka wa kwamfuta a kalli talabijin. A cikinta akwai ƙwayar lantarki ta kamfanin Realtek na Taiwan, RTL2832U. Eric Fry, sannan Antti Palosaari ɗan Finlan da masu aikin Osmocom, suka gano cewa ana iya sa ta fito da ɗanyun lambobin sigina maimakon hoto. A 2012 labarin ya bazu, abin dala 20 ya zama rediyo mai ji daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Da ita ɗalibai suke bibiyar jiragen sama a megahaz 1,090, da ita aka riƙa sauko da hotunan gajimare daga taurarin hasashen yanayi a megahaz 137, wasu ma sun kamo siginar iskar haidurojin ta cikin taurari a megahaz 1,420. Ji kawai take yi, ba ta aikawa.

Ko kun san manyan kamfanoni sai daga baya suka bi sahu? Icom na Japan ya saki IC-7300 a 2016, mai wat 100, SDR ne a ciki amma da maballai da allo a jikinsa, ba ya buƙatar kwamfuta. Ya karɓu ƙwarai, har dattawan da suka rantse ba za su rabu da tsohon ƙarfe ba suka saya. A 2020 ƙanensa IC-705 ya fito: nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, wat 5 da batirin jikinsa, wat 10 da batirin waje, kuma ya haɗa gajeren zango da mita 6 da mita 2 da santimita 70. Elecraft na Kalifoniya ya riga shi da KX3 a 2012 da KX2 a 2016, wanda nauyinsa wajen giram 370 ne. Daga Sin kuma Xiegu ya shigo da G90 mai wat 20 da X6100 mai wat 10, a farashin da ya sauko da yawa.

Sai dai a ganina labarin da ya fi daɗi ba na kamfanoni ba ne, na mutane ɗaiɗaiku ne a kan teburin aikinsu.

Ko kun san akwai cikakken rediyo mai aikawa da karɓa da tsawonsa santimita 9 ne, faɗinsa 6, kaurinsa 3, nauyinsa giram 140? Asalinsa ga yadda yake. A 2017 Hans Summers, Bature ɗan Ingila mazaunin Turkiyya mai kamfanin QRP Labs, ya tsara QCX domin wani sansanin matasa masu sha'awar rediyo: kayan haɗawa da hannu, na alamomin Morse kaɗai, a kan dala 49. Sai wani ɗan Holan mai suna Guido, mai lambar kira PE1NNZ, ya cire kusan duk matatun da ke ciki ya ɗora aikinsu a kan 'yar ƙwaƙwalwar da ke kula da allo da maballai. Ƙwaƙwalwar nan ATmega328P ce, irin ta allon Arduino da ɗaliban kimiyya suke koyon aiki da shi, ma'adanar aikinta ba ta wuce kilobayit 2 ba. Da ita ya sa rediyon ya aika murya. Yadda ya yi: ya raba muryar gida biyu, ƙarfinta daban, juyawarta daban, ɗaya yana sarrafa wutar da ake ba wa sashen ƙara ƙarfi, ɗayan yana sauya zangon injin sigina sau dubbai a daƙiƙa, su haɗu a bakin eriya su zama SSB. Tushen dabarar na Leonard Kahn ne tun 1952, amma ba wanda ya zaci za ta shiga ƙwaƙwalwa ƙarama haka. Da Guido da Manuel ɗan Jamus, DL2MAN, suka haɗa kai, sai aka sami truSDX: zango 5, wat 5 daga batir mai bolt 13.8, rabin wat daga cajar USB. Muryarsa ba ta kai ta manya tsabta ba, wannan gaskiya ne, kuma kunnensa yana saurin cika. Amma mutane sun tsallake teku da shi.

Ko kun san rediyo yana iya koyon sabon aiki bayan an saye shi? QMX, wanda Hans Summers ya fitar a 2023, ya zo ne da Morse da saƙon kwamfuta kawai. A 2025 aka saki sabuwar manhaja, masu shi suka jona shi da kwamfuta suka kwafa masa fayil ɗaya, ya fara aika murya. Ba a canza ko waya ɗaya ba. In ana neman misali guda da zai bayyana ma'anar SDR, wannan ne.

Ko kun san a birnin Hyderabad na Indiya akwai injiniya Ashhar Farhan, VU2ESE, wanda tun farkon shekarun 2000 yake tsara rediyo da kayan da ake samu a kasuwar gari? Jerin na'urorinsa na BITX sun zaga duniya, kuma mata ne ke naɗa 'yan zobban wayar da ke cikinsu a matsayin sana'a. Wani samfurinsa na baya-baya, sBitx, ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ce ƙwaƙwalwarsa. Zanen da manhajar duk a buɗe suke, kowa na iya ɗauka ya gyara. Hermes-Lite 2 ta Steve Haynal ma haka take a buɗe, ita kuma sirrin arharta shi ne an gina ta kan ƙwayar AD9866, wadda aka yi domin na'urorin intanet na gida. Wannan shi ne ɓangaren da nake so masu gyaran waya da rediyo na kasuwanninmu su duba da kyau. Hannun da ke ɗaga ƙwayar lantarki daga allon wayar salula ya mayar da wata, haɗa irin waɗannan na'urori ba zai gagare shi ba.

Shin ko kun san wat 5 bai yi nisa da wat 100 yadda kuke zato ba? A takarda ninki 20 ne. A kunnen mai sauraro kuwa lissafin daban yake. Ma'aunin ƙarfin sigina yana tafiya daga 1 zuwa 9, kuma kowane mataki ɗaya sai an ninka wuta sau 4. Saboda haka wanda ake ji a mataki na 9 da wat 100, in ya sauko wat 5 za a ji shi a wajen mataki na 7, kuma 7 sigina ce mai kyau. Masu wannan ɗabi'a ta aiki da ƙaramar wuta QRP ake ce musu, iyakarsu wat 5 a Morse, wat 10 a murya. Ranar da hanya ta yi kyau ba a bambance su da manya. Ranar da ta ɓaci su ne farkon ɓacewa.

Hanyar kuwa ba a hannun kowa take ba. Can sama, tsakanin kilomita 200 zuwa 400, hasken rana yana cajin wani sashe na iska, shi ne ke lanƙwaso gajeren zango ya dawo da shi ƙasa a nesa. Da rana mita 20 da 15 da 10 ke buɗewa, da dare mita 40 da 80. Ita kanta ranar tana da zagaye na wajen shekara 11 tsakanin ƙarfi da rauni. Zagayen da muke ciki, na 25, ya soma a Disamba 2019 ya kai ganiyarsa wajen 2024.

Ko kun san wani mai lambar Nobel ne ya tsara salon da ya mamaye gajeren zangon masu sha'awa? Joe Taylor na Jami'ar Princeton ya ci kyautar kimiyyar fiziks a 1993 tare da Russell Hulse, saboda gano wasu taurari biyu masu zagaya juna. Tun yana yaro yake rediyon sha'awa, lambarsa K1JT. Daga baya sai ya kawo dabarun tsamo raunanan siginar taurari cikin hayaniya ya ba 'yan uwansa kyauta. A 2017 shi da Steve Franke suka fitar da FT8. Kowane ɓangare yana da daƙiƙa 15, ka aika, ka saurara, ka aika. Faɗin siginar haz 50 ne kacal, alhali murya tana cin wajen 2,400, don haka tashoshi gommai suna zama a filin mutum ɗaya. Kwamfuta tana karanta saƙon ko da ƙarfinsa ya gaza na hayaniyar da ke kewaye da shi sau 100, wato a inda kunne ba ya jin komai sai shuuu. Sharaɗinsa agogon kwamfuta ya zama daidai, kuskuren da ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu yana ɓata aikin. Abin da ake faɗa kaɗan ne ƙwarai: lambar kira, wurin da kake, ƙarfin sigina, sai 73, gaisuwar bankwanarsu. In ka so rubuta naka, harafi 13 ne iyaka. Kan wannan ake ta muhawara, wasu na cewa kwamfutoci ne ke gaisawa ba mutane ba. Ina ganin suna da hujja, domin babu tambayar iyali babu labarin damina a cikinsa. Amma ga mai wat 5 da guntuwar waya a bayan gida, FT8 ne ke fara tabbatar masa cewa Burazil da Japan suna jin sa, daga nan ya sami ƙarfin gwiwar ɗaukar makirfo.

Yayan FT8 kuwa, WSPR na 2008, ya fi shi haƙuri: kusan minti 2 yake ɗauka kafin ya faɗi lambar kira da wuri da ƙarfin wuta. Masu sha'awa suna ɗaura 'yar na'urarsa mai 'yan giram kaɗan a jikin balan-balan, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin hamsin na wat ba, kuma an sami waɗanda suka zagaye duniya ana jin su a hanya.

Shin ko kun san akwai tauraron ɗan'adam da ke tsaye saman Afirka wanda duk mai lasisi zai yi magana ta cikinsa kyauta? Es'hail-2 ne na ƙasar Katar, wanda rokar Falcon 9 ta harba ranar 15 ga Nuwamba, 2018. Yana zaune a digiri 25.9 gabas, nisan wajen kilomita 36,000, a gefe guda da taurarin Arabsat. Ƙungiyar masu sha'awa ta Katar da AMSAT ta Jamus suka sa aka ɗora masa sashen masu sha'awa, QO-100, aka buɗe shi a Fabrairu 2019. Shi ne na farko irinsa da ba ya gusawa daga wurinsa, don haka ba ruwansa da dare ko rana ko zagayen shekara 11. Inuwarsa ta kama daga gabashin Burazil zuwa Tailan, ta haɗa Afirka duka da Turai da Gabas ta Tsakiya, har tashar bincike ta Jamus, Neumayer III, a yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Ana aika masa a gigahaz 2.4, yana dawowa a gigahaz 10, kuma farantin satalayit na gida da kansa na yau da kullum sun isa a saurare shi. Da yawa daga cikin masu aikawa suna amfani da ADALM-Pluto, wata SDR mai girman tafin hannu da kamfanin Analog Devices ya yi wa ɗalibai, su ƙara mata 'yan wat kaɗan. Daga Kano ko Maraɗi ko Anjamena tauraron yana can sama sosai, ba gini ba bishiyar da za ta tare shi, matsayin da Turawan arewa ba su samu ba.

Ko kun san kowace ƙasa da harafinta? Lambar da ta fara da 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Gana, TJ ta Kamaru, TT ta Chadi, ST ta Sudan. Har shugabanni sun riƙe lambar kira: Sarki Husaini na Jodan ya riƙe JY1, Sarki Juan Carlos na Sifaniya EA0JC, Rajiv Gandhi na Indiya VU2RG. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma tana da tata, NA1SS, ana jin ta a megahaz 145.800.

Ko kun san haruffan ƙasashenmu suna cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo? Akwai shaidar girmamawa mai suna DXCC da ake ba wanda ya tabbatar da magana da ƙasashe da yankuna 100 daga cikin 340. Tun da masu lasisi a Nijar da Chadi ba su da yawa, sai 'yan Turai su haɗa tawaga, su ɗauko kaya, su nemi izini, su zo su yi mako biyu suna amsa kira dare da rana. Haka tawagar 5U5R ta yi a Nijar a watan Maris na 2017. Wannan abin yana taɓa ni. Da wuya a sami al'ummar da ta riƙi gajeren zango kamar Hausawa, manomi a gona da rediyonsa, mai shayi da nasa, makiyayi da nasa rataye a kafaɗa, amma in aka zo ɓangaren magana sai baƙo ne ke ɗaga sunan ƙasar. Da can hujjar ita ce tsadar kaya da girmansu da wutar da suke ci. Na'urar da ke cin miliamfiya 80 tana sauraro, wadda ƙaramin batir da allon sola ɗaya suka ishe ta, ta rage wa wannan hujja ƙarfi ƙwarai.

Ko kun san ranar 26 ga Disamba, 2004, da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wata tawagar masu sha'awa ƙarƙashin Bharathi Prasad tana can tana neman tuntuɓar ƙasashe? Da layukan waya suka yanke, suka juya rediyoyinsu zuwa aikin agaji, suna isar da saƙon hukuma da na iyalai zuwa babban yankin ƙasar da batir da janareta.

Shin ko kun san ba a aikawa sai da lasisi? Wannan ba abin wasa ba ne, musamman a yankunan da ke fama da matsalar tsaro, inda ganin eriya da oba-oba a hannun wanda ba shi da takarda yana iya jawo masa babbar fitina. A yawancin ƙasashe sai an ci jarrabawa a kan lantarki da dokoki kafin a ba mutum lambar kira. Sharaɗin iya Morse kuwa an janye shi daga dokar duniya tun 2003. Ba a kasuwanci a zangon, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye magana da kalmomin sirri, ba a watsa shiri ga jama'a, kuma dole mutum ya riƙa faɗin lambarsa. A Najeriya akwai ƙungiyar masu sha'awa, NARS, wadda take cikin IARU. Wurin irinta ake fara tambaya kafin a sayi komai.

Ko kun san SDR ma yana da inda yake gazawa? Tun da ƙofarsa a buɗe take ga zango mai faɗi, tasha ɗaya mai ƙarfi a kusa tana iya cika ma'aunin har komai ya dagule, siginonin ƙarya su cika allo. Maganinsa tsohuwar matata ce ta naɗin waya, wadda manhaja ba ta iya maye gurbinta. Wajen aikawa ma haka: na'ura irin HackRF One ta Michael Ossmann tana kaiwa daga megahaz 1 zuwa gigahaz 6, amma wutarta 'yar mitsitsiya ce kuma ba a tace take ba, in aka ƙara mata ƙarfi babu matata za ta watsa datti a zangon jiragen sama da na wasu. Ga kuma jabu: samfuran da suka yi suna duk an kwaikwaye su, wasu da kayan da ba su kai ba. Araha ba ta ado.

Babban abokin gaban mai ƙaramin rediyo a yau yana cikin gidansa: inbata ta sola, cajar waya mai arha, ƙwan fitila na LED. Dukkansu suna fitar da ƙara a gajeren zango, a kan allo za ka gan su layi-layi sun rufe raunanan tashoshi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Turawa da Amurkawa suke saka rediyo a jaka su fita: shirin hawa duwatsu da rediyo, SOTA, ya fara a Birtaniya a 2002, na wuraren shaƙatawa da gandun daji, POTA, ya bunƙasa bayan 2016. Ƙauyen da babu layin wuta a kusa da shi yana da shirun da mazaunin Landan zai yi tafiyar awanni kafin ya samu.

Ko kun san eriya mafi amfani ba a sayenta? Wayar wuta ce ta gida. Ta mita 20 tsawonta wajen mita 10 ne, a yanka ta biyu daidai, kebul ya shiga ta tsakiya, a ɗaga ta sama gwargwadon hali tsakanin bishiya da bishiya ko sandar gora. Ta mita 40 ninkin wannan ce. Ƙaramin rediyo a kan doguwar waya mai tsayi ya fi mai tsada a kan gajeriyar eriya a ƙasa, kuma duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya muku haka.

Ko kun san za ku iya jin duk wannan yau ɗin nan ba tare da kun sayi komai ba? Tun 2008 Pieter-Tjerk de Boer ya jona wata SDR da intanet a Jami'ar Twente da ke Enschede a Holan, inda ɗaruruwan mutane suke sauraro lokaci guda, kowa da tashar da ya zaɓa, duk daga eriya ɗaya. Akwai kuma ɗaruruwan na'urorin KiwiSDR a ƙasashe daban-daban, ga kuma wata SDR a Goonhilly ta Ingila da aka saita ta kan QO-100. A zaɓi salon USB, wato ɗaya daga ɓangarori biyu na SSB, a nufi megahaz 14.074, za a ji kukan FT8 yana tashi yana tsayawa duk daƙiƙa 15. A matsa zuwa tsakanin 14.150 da 14.350 da yamma, nan masu murya suke, mai neman abokin magana yana maimaita CQ da lambarsa. Da dare kuma a sauko megahaz 7.1, a sauya salon zuwa LSB, ɗaya ɓangaren.